Racet Ba Sandar Ɓalle Noti Ba Ne

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakin masu sha'awar gyaran mota da hannunsu, tun daga ma'aikacin da ke buɗe bonet ranar Asabar da hantsi har zuwa yaron da ya fara zuwa gareji koyon aiki. Wai racet mai kyau shi ne mai nauyi a hannu, mai kaurin kai, mai manyan haƙora, wanda in noti ya ƙi kwancewa za ka zura masa bututu ka hau da ƙafa ka taka, notin ya saki, shi kuwa ko gezau. Da wannan ma'auni mutane da yawa ke shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai ka ga mai saye ya ɗauki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana jinjinawa, wanda ya rinjayi hannunsa shi zai taya. In kuma an buga sunan Jamus a jikinsa, to ciniki ya faɗa.

Masu wannan ra'ayi ba daga sama suka tsinto shi ba, kuma bai dace a raina hankalinsu ba. Yawancin motocin da muke hawa 'yan Beljiyam ne, da yawansu sun daɗe a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, suna isowa gare mu ƙarƙashinsu ya ci tsatsa, noti da bol sun zama abu guda. Ga masu faci da ke ɗaure notin taya da ƙarfin tsiya. Ga jabun kayan aiki da ke karyewa a murɗar farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban motarsa da karyayyen ƙarfe a hannu, rana tana dukansa, dole ya nemi abu mai ƙarfi in ya koma kasuwa. Buƙatar gaskiya ce. Kuskuren yana wurin da ake neman ƙarfin, da kuma aikin da ake ɗora wa racet wanda tun asali ba nasa ba ne.

Mu buɗe kan racet mu duba. A ciki akwai ɗan faifan ƙarfe mai haƙora kewaye da shi, haɗe da bakin nan mai kusurwa huɗu da ake maƙala wa soket. A gefensa akwai wani ɗan harshe na ƙarfe da sifirin ke turawa. In ka ja hannun gefe guda, harshen ya ciji haƙoran, noti ya juya. In ka koma baya, ya zame a kansu yana ƙas-ƙas, noti yana nan inda yake. Iyakar abin ke nan. Tun 1863 da wani Ba'amurke, J. J. Richardson na garin Woodstock a jihar Vermont, ya yi rajistar wannan dabara, manufarta ba ta sauya ba: a hutar da mai aiki cire sifana da mayarwa a kowane juyi, musamman a lungun da hannu ba ya sakewa. Sauri da sauƙi aka yi shi domin su. Duk ƙarfin da ka zuba a hannun kuwa, ta kan waɗannan haƙora da ba su kai ƙwayar gero ba yake bi kafin ya isa ga noti. Kaurin hannun bai ƙara musu komai ba.

Yanzu ga lissafi, don magana kan ƙarfe ba a barinta ga ji da gani. Ƙarfin murɗa ana rubuta ma'auninsa Nm, kuma yana ƙaruwa da abu biyu: nauyin da ka ɗora da tsawon hannun da ka ɗora shi a kai. Ƙa'idar duniya ISO 3315, da takwararta ta Jamus DIN 3122, sun yanka mafi ƙarancin abin da racet zai jure kafin a ce ya cika racet: mai bakin inci 1/4 ya jure Nm 62, mai 3/8 ya jure Nm 202, mai 1/2 ya jure Nm 512. To mutum mai nauyin kilo 70 in ya hau ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya ɗora wa haƙoran nan kusan Nm 700, tun ma bai yi tsalle a kai ba. Ya zarce abin da aka nema daga babban cikinsu, ya kuma ninka na matsakaicin fiye da sau uku. Saboda haka gwajin bututu ba ya bambance mai kyau da marar kyau. Gwaji ne da aka tsara kowane racet zai iya faɗuwa a cikinsa, ko na wane kamfani ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta cika bayyana a ranar ba. Noti ya kwance, mai aiki ya yi hamdala, ya ƙara yarda da racet ɗinsa. Amma a ciki bakin haƙori ɗaya ko biyu ya gutsure, ko harshen ya ɗan lanƙwashe. Bayan wata biyu, yana tsakiyar jan wani noti na yau da kullum, sai harshen ya faɗa kan wannan gurbin ya zame. Hannu ya tafi da duk ƙarfinsa ya daki gefen injin ko bakin ƙarfe. Sau da yawa tabon da ke bayan yatsun masu wannan sana'a irin wannan zamewa ce ta bar shi, ko ta racet ko ta sifanar da ta kuɓuce daga kan noti. Sai a zagi wanda ya ƙera, alhali bututun watan jiya ne ya yi aika-aikar.

Za a ce mini, ai ga oga wane a gareji, shekara da shekaru yana sa wa nasa bututu kuma har gobe yana aiki. Ban musa ba. Kamfanonin kirki suna ƙera nasu ya zarce ƙa'idar da aka yanka, wani lokaci da rata mai yawa, shi ya sa wasu ke tsira. Sai dai a lura da abu biyu. Wanda ya tsira shi ake gani a akwatin oga. Waɗanda suka mutu sun daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan, ba mai ƙirga su. Sannan oga yana da uku ko huɗu, in ɗaya ya karye ya miƙa hannu ya ɗauko wani, ko ya aika yaro maƙwabta. Kai da kake gyara a ƙofar gida, guda ɗaya gare ka, kuma in ya karye motar tana kan jak babu taya. A Amurka manyan kamfanoni irin su Snap-on, wanda aka kafa a Milwaukee a 1920, suna musanya wa kanikawa abin da ya lalace, har mota ke zagayawa gareji-gareji da kaya. Mai rumfa a kasuwarmu ba zai musanya maka racet da ka karya ba, kuma bai yi laifi ba.

Sai batun nauyi. Mafi yawan nauyin racet a hannunsa yake, kuma zuba ƙarfe a hannu shi ne abu mafi arha da mai ƙera zai yi. Abin da ke cin kuɗi shi ne yanka haƙora daidai wa daida, da gasa ƙarfen a wuta a tsoma shi har ya yi taurin da ake so. Maƙeranmu sun san wannan tun kaka da kakanni: ƙarfe ɗaya ne, in bai ji wuta yadda ya kamata ba ya lanƙwashe, in ya wuce kima ya tsage. Sikeli ba ya nuna wannan, ido ma ba ya nunawa. Haka rubutun Cr-V da ake bugawa a jiki. Yana faɗin irin haɗin ƙarfen ne kawai, in ma gaskiya aka rubuta, bai ce komai kan yadda aka gasa shi ba. Kaurin kai kuwa, a motocin yanzu naƙasu ne. Wanda ya taɓa neman notin kik ko na altaneta a motar da injinta ke kwance a gicciye, kamar Corolla ko Golf, ya san wani lokaci kaurin yatsa ɗaya ne tsakanin racet ya shiga da ya ƙi shiga.

Sunan ƙasa ma a yi hattara da shi. Gaskiya ne Jamus tana da gidajen ƙira na asali, Hazet da Gedore a Remscheid, Stahlwille a Wuppertal. Faransa tana da Facom. Japan tana da Koken da KTC. Amma buga kalma a jikin ƙarfe ba ya buƙatar fasfo, kuma na gaske yakan zo da sunan kamfani da lambar samfuri a rubuce tsaf, ba sunan ƙasa kaɗai ba. A ɗaya gefen, masu cewa duk abin da ya fito daga gabashin Asiya tarkace ne su ma sun yi gaggawa. Yankin Taichung na Taiwan cibiya ce ta ƙera kayan aikin hannu, daga can King Tony da Toptul suke, kuma kamfanonin Turai da Amurka da dama can suke ba da kwangilar kayansu. Ga mai gyaran motarsa a ƙarshen mako, a ganina, racet na gaske ɗan Taiwan ya wadatar, kuma ya fi jabun da ke ɗauke da babban suna nesa ba kusa ba.

Mu dawo ga haƙora, domin nan ne tsohuwar magana ke da ɗan tushe. A da, racet mai ƙananan haƙora yakan fi saurin cinyewa, saboda harshensa haƙori ɗaya ko biyu yake kamawa. Na yanzu an faɗaɗa harshen, yana kama haƙora da yawa lokaci guda, nauyin ya rabu a kansu. Mai haƙora 72 na kamfanin kirki yana cika ƙa'idar nan da muka ambata kamar yadda mai 36 ke cikawa. Abin da yawan haƙora ke saya maka shi ne wuri. Raba 360 da yawan haƙoran, ka samu kusurwar da hannu zai motsa kafin harshe ya kama haƙori na gaba: mai 24 yana son digiri 15, mai 36 digiri 10, mai 72 digiri 5, mai 90 digiri 4. A racet mai tsawon santimita 20, digiri 15 na nufin ƙarshen hannun zai yi tafiyar fiye da santimita 5, digiri 5 kuwa ƙasa da santimita 2. Tsakanin lagireto da injin, inda tiyo da wayoyi suka kewaye hannunka, wannan bambanci shi ne ko aikin ya yiwu ko kuwa sai ka kwance abu uku kafin ka kai ga na huɗu.

Ba kuma ina cewa a bi lamba ido rufe ba. Akwai masu 120, irin na GearWrench da ke amfani da harshe biyu a kan faifai mai haƙora 60 su ba da digiri 3. Suna da kyau, amma daga 72 zuwa 90 ya ishi kowane aiki da mai sha'awa zai yi.

Akwai wani abu da ya fi yawan haƙora muhimmanci, kuma ban taɓa jin mai jinjina nauyi ya tambaye shi ba. Shi ne taurin komawa baya. In noti ya riga ya saki amma bai kai a murɗe shi da yatsa ba, ko yana lungun da yatsa ba ya kaiwa, sai ka ja racet ya kwance kaɗan, ka koma baya don ka sake ja. A racet mai taurin sifirin, maimakon harshe ya zame a kan haƙora, sai ya jawo notin ya mayar da shi inda ya fito. Kana ta kai da komo, gumi na zuba, noti bai matsa ba. Dole ka cusa ɗaya hannun ka riƙe soket, in akwai wurin cusawa. Racet mai kyau yana komawa baya da laushi, har noti mai sako-sako ba ya biyo shi. Wannan ne ya sa kanikawa a ƙasashe da yawa ke yabon Koken, ba don nauyi ba, don kuwa nasu ba su da wani nauyin kirki. Kuma wannan hali ne da za ka iya gwadawa a tsaye gaban rumfa: riƙe hannun, ka kama bakin da yatsa biyu ka juya shi. In sai ka matse yatsu kafin ya yi ƙas, ajiye shi, ko da ya kai guduma nauyi.

Neman ƙarfi yana kuma kai mutane ga sayen babban racet mai 1/2 shi kaɗai, a ce babba ya yi aikin ƙarami. A nan ɓarnar kan motar take sauka. Ƙananan bol masu kan lamba 10, waɗanda suka cika motocin Japan a murfin injin da kan batir da wurare barkatai, wajen Nm 10 kawai suke so. Da racet mai tsawon santimita 25, jan da bai wuce nauyin kilo 4 ba ya kai wannan. Hannunka ba zai ma ji ka yi wani abu ba, sai dai ka ji kan bol ya tsinke ya bar gindinsa a ciki. Fulogi ya fi wannan haɗari, domin tof silinda na yawancin motocin yanzu alminiyon ne, ƙarfe mai taushi, kuma fulogi yawanci tsakanin Nm 18 da 25 yake so. In ka cinye zaren ramin fulogi, aikin da ka fara don ka rage kashe kuɗi ya zama na kai mota wurin masu injin yanka ƙarfe. Mai 3/8 shi ne na tsakiya, shi ke yin yawancin aikin birki da fulogi da juye baƙin mai da canja bel, kuma shi ya kamata ya zama na farko a akwatin mai koyo. Mai 1/4 ya biyo baya don ƙananan noti. Mai 1/2 na ƙafafun mota ne.

Ɗaurewa ma haka take. Littafin Toyota ya ce notin tayar Corolla Nm 103, na Honda ya ce Accord Nm 108. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana kai wannan da wil-sifana da hannu, ba tare da ya hau ba. Wanda ya taka bututu ya ɗaure, ya ja bol ɗin ya miƙe fiye da yadda zai koma, kuma irin wannan bol ne ke tsinkewa wata rana a kan hanya. Ko bai tsinke ba, ranar da taya ta yi faci tsakanin Zariya da Funtuwa, matarka ko ƙaninka da ke tuƙi ba za su iya kwance shi da sifanar da ke but ba. Abin da ke tabbatar da ɗauri shi ne sifana mai awo, wadda ake saita wa lamba ta yi ƙara in an kai. Ita ma ba a kwance noti da ita.

To notin da ya ƙi fa? Ai akwai su da gaske. Notin shaf na Corolla Nm 216 ake ɗaure shi, bol ɗin fulin ƙasa na injinan Honda da yawa Nm 245, kuma bayan shekaru da tsatsa kwance su yana neman fiye da haka sosai. Waɗannan suna da kayan aikinsu: doguwar sanda mai bakin soket, marar haƙora ko ɗaya, mai tsawon santimita 45 zuwa 60. Ba haƙorin da zai gutsure a cikinta, kuma ta fi racet mai kyau arha. A kankare tsatsar da burushin waya, a fesa man kwance tsatsa, a ba shi lokaci ya ratsa, a sa soket mai kusurwa shida wanda ya zauna cif, domin mai kusurwa goma sha biyu ya fi saurin cinye kan noti mai tsatsa. A ja sandar zuwa jiki a hankali, kada a tura, saboda in ta saki hannu ba zai tafi cikin ƙarfe ba. Da zarar noti ya yi ƙara ya motsa, aikin sanda ya ƙare, sai a ɗauko racet ya ƙarasa cikin sauri. 

Ban hana sayen na hannu ba. A cikin kayan Beljiyam akan dace da Facom ko Gedore na asali a farashi mai sauƙi, kuma tsohon racet da bai sha bututu ba zai iya kai wa jikoki. Sai dai a gwada shi da natsuwa. A juya bakin zagaye cikakke ta dama, a sauya maɓallin a juya ta hagu, ana saurare. Ƙarar ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, in ta yi tsalle a wani wuri to haƙori ya tafi. A girgiza bakin a ji ko yana lilo da yawa. A duba kusurwoyinsa ko sun murɗe, don wannan ita ce shaidar bututu. A maƙala soket a juya racet ƙasa a girgiza, ɗan ƙwallon da ke riƙe soket ya riƙe shi. Maɓallin sauya hanya ya zauna daram a kowane gefe, kada ya riƙa komawa tsakiya da kansa. A fi son wanda murfin kansa ke da sukurori ko zoben da ake cirewa, domin shi ake iya buɗewa a wanke, kuma manyan kamfanoni suna sayar da faifai da harshe da sifirin daban don gyara.

Buɗewar nan tana da amfani a ƙasarmu fiye da inda aka ƙera shi. Ƙurar hunturu da yashin ƙofar gida suna shiga kan racet su haɗu da mai su riƙa cin haƙora a hankali. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buɗe shi a kan farin ƙyalle don kada sifirin ya yi tsalle ya ɓata, a wanke da kananzir, a bari ya bushe. Kada a cika shi da giris mai kauri kamar na boris, domin a mai ƙananan haƙora giris yana cike tsakaninsu ya hana harshe zama sosai, sai ya fara zamewa alhali lafiyarsa ƙalau. Ɗigo biyu ko uku na baƙin mai sabo sun isa, sannan a mayar da murfin a juya bakin ta kowane gefe a ji ƙarar ta daidaita kafin a ɗaure sukurorin.